Rangadin Pompeii da gonar inabi: jagorar ta yi ƙoƙari, amma mahaifiyata ta wuni da yunwa

Taurari uku cikin biyar na yi niyyar bai wa wannan rangadi, kuma ukun duka albarkacin matar da ta zaga da mu cikin kufan Pompeii ne, tsohon garin Rumawa a Italiya wanda aman wutar dutse ya binne. Kamfanin da ya shirya tafiyar bai ci ko ɗaya ba.

Karatu nake yi a Rum. Umma ta zo duba ni cikin watan Oktoba, na ga bai kamata ta koma gida ba ta ga komai ba sai ɗakina da kasuwa. Na san wani zai ce me ya kai 'yar Musulmi rangadin da aka rubuta ɗanɗana giya ɓaro-ɓaro a tallarsa. To, Umma tana fama da ciwon gwiwa, ba za ta iya hawa da saukar jiragen ƙasa ba, kuma wannan ne na samu mai ƙaramar mota da ke zuwa har ƙofar masauki. A cikin tallar tasu sun rubuta cewa wanda ba ya shan giya za a ba shi ruwan inabi sabon matsa, kuma duk mai wata buƙata ta abinci ya faɗa tun wuri. Na faɗa. Na rubuta musu cewa mu biyu ne, ba giya, ba naman alade, ba abin da aka dafa da ɗayansu, sannan na roƙi a ware mana tebur, don Umma ba za ta zauna inda ake sha ba. Suka amsa mini a rubuce cewa ba matsala, an sanar da gonar. Amsar tana nan cikin wayata. Kuɗin kuwa kun san yadda irin wannan tafiya take daga Rum, ba abin da ɗaliba za ta fitar tana dariya ba ne.

Bayan Asuba aka ɗauke mu. Tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, awa uku a hanya. Mota da tsabta, direba ba ya ganganci, ba yabo ba fallasa.

A ƙofar Porta Marina aka haɗa mu da jagorar, wata dattijuwa 'yar Napoli wadda ta ce ta yi aikin tono a wurin tun tana budurwa. Hawan shiga garin akwai tudu, kuma duwatsun ƙasan ba su daidaita ba. Tun kafin in yi magana ta lura da takun Umma, ta rage sauri, kuma daga nan har muka rabu duk inda za ta tsaya bayani sai ta zaɓi wurin da ke da inuwa da abin zama. Allah ya saka mata. Ba ta yi mana karatun hadda ba, nuna mana take yi da hannu. Ta tsugunna ta sa yatsa cikin ramin da ƙafafun keken doki suka ci a jikin dutsen titi, ta ce mu duba zurfinsa. Ta nuna manyan duwatsun da aka dasa a tsakiyar hanya don mai tafiya ya tsallake ba tare da ya taka ruwan kwata ba, an bar tsakaninsu daidai yadda keke zai wuce. Umma ta ce, "Ai irin wanda muke jerawa ne a lungu da damina." Na fassara wa matar, ta yi ta gyaɗa kai.

A bakinta na ji yadda abin ya faru. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, toka da tsakuwa suka binne garin zurfin mita 4 zuwa 6. An daɗe ana cewa ranar 24 ga Agusta ne, amma a 2018 aka gano wani rubutun gawayi a bango mai kwanan watan Oktoba, wanda ya sa masana da yawa suka koma ganin cewa da kaka ne. Ta ce, "Kamar yanzu, lokacin girbin inabi." Ba a fara tono sosai ba sai 1748.

Gidan biredin ne ya fi riƙe Umma. Duwatsun niƙa ne manya, baƙaƙe, waɗanda jakuna ke juyawa, ga tanderun bulo a gefe bakinsa a buɗe. Jagorar ta ce a wani tanderu na garin an tarar da biredi 81 sun ƙone sun zama gawayi, kowane an tsaga shi gida takwas, ba a samu wanda ya kwashe ba. Umma ta daɗe tana leƙen cikin tanderun, sannan ta taɓa ni.

"Auta, tambayo min ita, mutanen fa? Duk sun mutu?"

Matar ta ce ana ƙiyasta mazauna garin sun kai 11,000, yawancinsu sun gudu, amma an tono ragowar gawarwaki sama da 1,000. Daga nan ta kai mu inda aka ajiye wasu cikin akwatin gilashi. Ta yi bayanin cewa toka ta daskare a jikin mamatan, naman ya narke ya bar rami mai siffar mutum, sai a 1863 Giuseppe Fiorelli ya fara zuba filasta a cikin ramukan. Wanda muka tsaya a kansa yana kwance, ya ɗaga hannu wajen fuska, ana ganin lanƙwasar yatsunsa da tattarar tufafinsa. Mutane suka yi ta ɗaukar hoto. Umma ba ta ɗauka ba, salati kawai take yi, kuma jagorar ta yi shiru ta jira ta. Da a nan tafiyar ta ƙare, da taurari biyar zan ba su ban ƙara komai ba.

Sai dai tun muna gidan wanka na Stabia yaron da kamfanin ya haɗa mu da shi tun daga Rum ya fara nuna wa matar agogo. Awa biyu kacal aka ba mu a garin da ya kai hekta 66, wanda an tone kashi biyu cikin ukunsa. Filin wasan da suka sa hotonsa a tallar, wanda aka gina wajen shekara 70 kafin Miladiyya kuma yake ɗaukar mutum kusan 20,000, ko hango shi ba mu yi ba. Wai ana jiranmu a gona.

Gonar kanta ba zan ɓoye ba, tana da kyau. A gangaren dutsen take, ƙasar baƙa wuluk mai yashi-yashi, kana tsaye kana ganin tekun Napoli shimfiɗe a ƙasa. Mai gonar ya zaga da mu cikin layukan inabin, ya ɗebi ƙasa a tafinsa ya ce tokar da ta kashe Pompeii ita ke ciyar da su yau, kuma rabon dutsen da aman wuta tun 1944. Ya nuna mana baƙin inabin da suke kira Piedirosso da farin da suke kira Caprettone, waɗanda da su ake yin giyar yankin, Lacryma Christi. A rumfar an rataye ƙananan tumatir dami-dami, masu tsini a gindi, ya ce haka suke ajiye su har hunturu ba su lalace ba. Umma, da ta san wahalar ajiyar tumatir, ta sa na yi masa tambayoyi. Har zuwa nan ranmu fes.

Muna shiga wurin cin abinci gabana ya faɗi. Tebur ɗaya ne dogo, a gaban kowace kujera an jera kofunan gilashi. Na je wurin yaron na ce ina namu teburin. Ya duba wayarsa ya ce shi ba a turo masa komai ba. Na buɗe amsar kamfaninsu na miƙa masa, ya karanta, ya ɗaga kafaɗa ya ce ofis ne suka rubuta, ba shi ba. Ko haƙuri bai bayar ba. Ina cikin wannan maganar sai na waiga na ga mai hidima ya riga ya tsiyaya farar giya a kofin da ke gaban Umma. Wallahi har yanzu in na tuna fuskarta raina yana ɓaci. Ba ta ce uffan ba. Ta janye hannunta daga kan teburin, ta gyara mayafinta, ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar da gwiwar nan tata, ta fita. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, wadda ba ta taɓa zama kusa da kwalbar giya ba, ni na kawo ta bisa alƙawarin da aka yi mini a rubuce.

Na bi ta waje. Akwai wani benci a gindin itacen zaitun, nan muka zauna.

"Umma, ku yi haƙuri, yanzu zan sa a kawo muku naku."

"Ƙyale su, Auta. Mu muka zo garinsu."

Ban ƙyale ba, don mun biya. Farantin farko da aka kawo mana waje cuku ne an shimfiɗa masa yankakken naman alade a kai. Na ce ba ma ci. Mutumin ya sa cokali mai yatsu ya kwashe naman a gabana, ya sake turo mini farantin, maiƙon yana nan yana ƙyalli a jikin cukun. Na tambayi miyar taliyar, aka ce da nama da jar giya aka dafa ta, kuma tukunya ɗaya aka yi. Na ce ko fara a tafasa mana a zuba man zaitun, aka ce madafa ta cika da aiki, wata motar na tafe. Kek ɗin da aka kawo a ƙarshe, pastiera, na san bisa al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ɓawonsa, na tambaya, aka tabbatar mini haka ne. Ruwan inabi sabon matsa kuwa babu shi, babu alamarsa, a tsakiyar gonar inabi, a lokacin girbi. Lemon kwalba aka kawo mana, kuma da za mu tafi sai ga takardar kuɗinsa daban.

Kada a ce matsalar Musulmi ce kawai. Akwai wata 'yar Amurka mai juna biyu a motarmu, ita ma da ruwa ta wuni tana kallon mijinta. Waɗanda suka sha kuwa sun ji daɗinsu. An zuba musu fara, da mai ruwan hoda, da ja, ana koya musu yadda za su juya kofi su shinshina kafin su kurɓa, muna jiyo tafi da dariya. Wani Bajamushe ya fito yana yabon jar, har ya sayi kwali a aika masa gida. In kai mai sha ne, kai aka shirya wa ranar.

Wadda ta fitar da mu kunya wata tsohuwa ce mai aiki a madafa. Ta leƙo ta ga Umma tana gutsurar busasshen biredi, ta koma, sai ga ta da kwano cike da inabi ta wanke, da tumatir ɗin nan ta yanka ta barbaɗa gishiri, da ƙullin farin cuku a cikin ledarsa ba a buɗe ba. Ta nuna mana ledar da kyau don mu ga a rufe take. Ba ta jin Turanci, Umma ba ta jin Italiyanci, amma da ta ga Umma tana waige-waige tana naɗe hannun riga sai ta ja ta zuwa famfo, sannan ta buɗe mana wani ɗaki da ake ajiye kwanduna. A nan muka shimfiɗa sallaya muka haɗa Azahar da La'asar. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna. Inabin yana da zaƙi ƙwarai, Umma har ta ce in tambaya ko ana sayarwa.

Amma alherin tsohuwa ba aikin kamfani ba ne, kuma yanzu da nake rubutu sauran abubuwan suna ta dawo mini. Awa biyu muka yi a gonar, daidai da abin da aka ba Pompeii gaba ɗayanta, kuma kusan rabin lokacin tallar kwalabe ake yi da cike takardun aikawa. Da safe ma an tsayar da mu a wani shagon sarƙoƙin murjani da sassaƙen bawon kifi, wanda babu shi a jadawalin da aka turo mini. Can cikin kufan kuma yaron nan ne ya dage sai an bi layin shiga gidan karuwan garin, mai zanen batsa a bango, wai kowa shi yake son gani. Ban shiga da mahaifiyata ba, muka tsaya a rana muna jira. Da an haɗa wannan lokacin da na shagon, da mun isa filin wasan, da ma Lambun Masu Gudu inda mutum 13 suke kwance a wurin da ajali ya riske su. Jagorar da kanta ta ce mini a hankali ta so ta kai mu.

Saboda haka na rage, taurari biyu ne. Ɗaya na jagorar, ɗaya na tsohuwar.

Na rubuta wa kamfanin, na haɗa da hoton amsarsu ta farko. Suka ce sun yi nadamar rashin fahimtar da aka samu, za su yi mini rangwame a tafiya ta gaba. Ba rashin fahimta ba ne, alƙawari suka ɗauka suka saɓa, kuma Umma ta riga ta koma gida, ba wata tafiya ta gaba. Wanda ke da ƙafar tafiya kuma ba ya sha, ya hau jirgin ƙasa zuwa Napoli, ya canja zuwa na Circumvesuviana ya sauka a tashar Pompei Scavi, ƙofar tana nan kusa. Ya sayi tikiti tun wuri, don tun Nuwamban 2024 mutum 20,000 kawai ake bari su shiga a rana. Ya ɗauki jagora a can, ya riƙo abincinsa da gorar ruwa, akwai famfuna a ciki. Ni dai na sake rubuta musu cewa kuɗin abincin mutum biyu nake so a mayar mini, har da na lemon, kuma ina jiran amsa.