Maganar sifikun sutudiyon nan, daga Jamus

Salamu alaikum ƙanena, ya gida ya su Hajiya, ya aikin sutudiyo? Maganar sifikun da ka ce in duba maka, ranar Asabar na je har Thomann, babban shagon kayan kiɗa, da kaina, a wani ɗan ƙauye yake, Treppendorf kusa da Bamberg, ko tsakiyar ƙauyen ba ka gama gani ba sai ga shago kamar unguwa guda, tun 1954 suke. Akwai ɗaki na musamman da aka jera monita, wato sifikun sutudiyo, ka zauna ka sa waƙarka ana canza maka daga Yamaha HS8 zuwa Genelec zuwa Neumann KH 120 ba mai hararar ka ko ka yi awa guda ba ka sayi komai ba.

Na sa waƙar da ka haɗa wa yaron nan na Zoo Road, wallahi a Neumann ɗin na ji abin da ban taɓa ji ba a waya, ganga ta danne murya, ga wani ƙugi na janareta can ƙasa-ƙasa. Aikin monita kenan, ba ya rufa maka asiri.

Su kuma kayan sautin falo da ka gani a intanet kake so, irin su Burmester na Balin, na taɓa shiga shagon irinsu a Nurnberg, ɗaki da kafet da kujera ɗaya a tsakiya, amfilifaya kaɗai ta fi kuɗin mota, wayar sifika ma akwai ta sama da Yuro 1000. Sautin da daɗi ba ƙarya, amma an yi su ne don mai gida ya kishingiɗa ya ji daɗin abin da wani ya riga ya gama. Kai gyara kake yi, ina ruwanka da su.

Abin da ya fi burge ni ma garantin ne, Thomann kwana 30 za ka iya mayarwa a ba ka kuɗinka, garanti shekara 3, ba irin sayen da muka yi a Legas ba da aka ce in ka fita ƙofa shikenan.

Ni dai shawarata HS8 guda biyu da hedifon beyerdynamic DT 770 Pro, shi hedifon bai kai Yuro 200 ba. Ƙarfin wutarmu ɗaya da tasu, volt 230, kan fulogi kawai za ka canza, amma don Allah kar ka jona ba sitabilaiza. Ka auno min faɗi da tsawon ɗakin, in ƙarami ne HS5 zan ɗauko.