Turaren wutar Inna ya tara mini ƴan kwana-kwana a Jamus

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya kai da iyali. A gaida Inna da kyau. Na sa labarin nan a fili maimakon in aiko maka kai kaɗai, don na san kafin ya zagayo Bagalam a bakin mutane an zuba mishi gishiri. Gara kowa ya ji daga gare ni.

Ƙullin da Inna ta bayar ya iso lafiya: kilishi, kuka, daddawa, da kwalbar turaren wuta. Ranar Lahadi ce, ba ni da aiki, ga sanyi mai shiga ƙashi. Gidan da nake a Kolon na masu koyon aikin jinya ne, hawa biyar, ɗakuna a jere kamar otel. Wata takwas ina ɗakin nan bai taɓa yi mini ƙamshin gida ba, sai warin fenti da na maganin goge ƙasa. Na sayo gawayin shisha a shagon wani Baturke, na hura a ɗan kasko, na rufe taga ruf don kada ƙamshi ya tsere, na zuba turare ba tsimi. Na zauna bakin gado na lumshe ido. Wallahi na ɗan lokaci ina tsakar gidanmu bayan magariba, har kamar in ji Inna tana kiran yara su shigo.

Ko minti uku ban yi ba sai ƙara ta tsaga mini kunne. Wani ɗan farin abu ne manne a rufin ɗaki kamar murfin kwano, wanda tun zuwana na ɗauka fitila ce da ta mutu, ashe na'ura ce mai kuka in ta ji hayaƙi. Kafin in miƙe, gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Na kwara wa kaskon ruwa, hayaƙi ya ƙara turnuƙewa. Na buɗe ƙofa sai ga mutane suna sauka ta matakala, ba gudu, ba turereniya, ba mai salati, ba wanda ya shiga lif. Kowa da rigar sanyinsa, ya san inda zai tsaya a waje. Ni ko na fito da zane da silifa.

Ba a cika minti goma ba sai ga jajayen motoci uku, ɗaya da tsani. Ba wanda ya kira su. Na'urar gidan haɗe take da ofishinsu, tana kuka a nan, labari ya je can. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani allo da ke bakin ƙofa, wanda ya nuna musu hawan da abin ya tashi, suka bi har ɗakin. Ba wurin ɓuya. Jim kaɗan sai ga wani ƙato ya sauko cikin kwalkwali, riƙe da kaskona da hannu biyu kamar mai kai gaisuwar biki, ya tambaya na wa ne. Mutum wajen ɗari suna rawar ɗari, na ɗaga hannu. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bai yi faɗa ba, ya ma shinshina ya ce akwai ƙamshi. Bajamushe ba ya maka ihu, takarda yake aiko maka. Bayan sati uku ta iso daga masu gidan, da kuɗin fitowar motoci, ya haura rabin albashina na wata. Kada dai a faɗa wa Inna wannan.

Kwana biyu ina jin haushi. Ƙasar da mace ba za ta turara ɗakinta ba sai hukuma ta sani! Na kai kuka wurin wata ƴar uwa Bahausa da ta daɗe a nan, ta yi dariya ta ce: "Ke ma dai! Safa ake sa mishi, ki yi turarenki ki more." Mu ke nan, ko a ina muke. Kuma ban ɓoye maka ba, har na ɗauko safar na hau kujera.

A kan kujerar na tuna gobarar da aka yi a Maradi ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021. Ba sai na tuna muku ba, kuna gari: rumfunan zana na lakwal, yara ƴan shekara biyar da shidda, aƙalla 25 ba su koma gida ba. Watanni bakwai kafin nan an yi irinta a Yamai, yara 20. Na san wannan ɗan murfin kwano ba zai ceci rumfar zana ba, zana ba ta jiran ƙararrawa. Amma na tsaya ina kallonsa, ina lissafin cewa saboda hayaƙin turare kawai an fitar da mutum ɗari, an turo motoci uku. Na sauko da safata a hannu.

Abin ba shi da tsada, shi ya fi ba ni takaici. Na gidajen talakawa, wanda ba a haɗa da kowane ofis ba, Yuro 10 zuwa 20 ne a kanti, wato daga jika shidda da rabi. A jihar da nake doka ce a kafa shi a ɗakin kwana, da ɗakin yara, da hanyar fita, domin mai barci ba ya jin warin hayaƙi. Mu kuma lokacin hunturu a shigar da garwashi ɗaki a toshe ƙofa, a kunna maganin sauro kusa da katifa, a jona waya a kan waya har kuran ya dawo tsakar dare da ƙarfinsa, ga kwalaben fetur a zaure. In ta faru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Sai dai in faɗi gaskiya, ranar nan a cikin mutum ɗari ba wanda ya tambaye ni ko na ƙone. A unguwarmu mace ɗaya ta yi ihun gobara, kafin ka ƙifta ido maza sun haura katanga da bokiti da yashi, ba wanda ya aiko wa wani takardar biya. Wannan kam ba a sayar da shi a kantin Jamus. Matsalarmu ƴan kallo, masu tare hanya da ɗaga salula har motar kwana-kwana ta rasa wurin wucewa.

Akwai wani abin kuma. Duk Alhamis ta biyu a watan Satumba, ƙarfe 11 na safe, ana gwajin gargaɗi a faɗin ƙasar. Jiniya ta tashi a gari, kowace salula ta yi ƙara lokaci guda, ko ka rufe mata baki. Ba sa bukatar lambarka, eriya ce ke watsa saƙon ga duk wayar da ke yankin. Kada ka ɗauka da wayonsu aka haife su, sai da suka sha wuya. A daren 14 ga Yulin 2021 kogin Ahr, kudu da mu kaɗan, ya yi ambaliya ya ci mutum 135. Masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi kwanaki kafin nan, amma hukumar yankin ba ta ayyana bala'i ba sai bayan ƙarfe 11 na dare, ruwa ya riga ya shiga gidaje. A garin Sinzig naƙasassu 12 suka nutse a gidan da ake kula da su. Ga na'ura, ga labari, wanda zai ce a tashi mutane ne ya makara. Bayan nan aka kawo wannan saƙon salula, aka fara gwada shi a Disambar 2022.

Da aka yi ruwan Juma'a 30 ga Agustan 2024 a Maradi, milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu, kai ka san yadda na kwana ina kiran wayarka. Ka duba salularka yanzu, Yaya, saƙo nawa kamfanonin waya suka turo maka yau? Garaɓasar kuɗin kira, waƙar da mai kiranka zai ji, cacar ƙwallo. Hanyar da talla ke bi ta iso ɗakin tsohuwa a Ɗan Gulbi, ita ce gargaɗi zai bi. Ga gidajen rediyo, ga lasifikan masallatai a kowane lungu, ga masu unguwa, abin da Bajamushe ba shi da shi. Amma ko an yi shela, ina ruwan zai bi, tunda mun cika magudanai da leda da shara, wani ma ya yi ginin shago a kai? Tsofaffi sun ba mu labarin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka tashi gari aka hau tudu. Jikokinsu ga su suna komawa hanyar ruwa saboda fili ya fi araha.

Na sayi na'urar hayaƙin nan guda huɗu, suna cikin jakar mai zuwa gida ƙarshen wata. Na zaɓi masu batirin shekara goma wanda ba ya ciruwa, don na san halinmu, da an kwana biyu zai koma cikin tocila. Biyu na ɗakin yara, ɗaya naka, ɗaya a kai shago. A kafa su a tsakiyar rufi, a riƙa danna maɓallin lokaci-lokaci a ji ko yana kuka. Ɗakin Inna kuwa a bar shi tukuna, sai na zo na yi mata bayani da kaina, ita da kaskonta.