Taga da dandamalinta: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Danshin da ke kumbura fenti a ƙarƙashin taga ba kasafai yake shigowa ta gilashi ba. Galibi daga dandamalin waje yake, wato leɓen da ke gindin taga, ko daga tazarar da ke tsakanin firam da bulo. Saboda haka ka yi cinikin taga da na dandamali tare.

Tagar alminiyam mai zamewa ta fi araha, amma ruwa na kwanciya a layinta na ƙasa, sai ya fita ta ƙananan ramukan da aka huda ta waje. Ka leƙa ka ga ramukan da idonka. Idan babu su, ko birkila ya shafe su da filasta, ruwan zai koma cikin ɗaki. Ƙurar hunturu ma tana toshe su, sai a goge kafin damina. Mai buɗewa waje ta fi tsada, amma tana matse robar da ke kewaye da firam idan an rufe, kuma ita muke ba da shawara a bangon gabas, inda hadari ya fi bugowa da iska. Ka nemi kaurin alminiyam milimita 1.2 da gilashi milimita 5. Ta ƙarfe, aikin mai walda, tana da ƙarfi, sai dai in ba a shafa mata jan fenti mai hana tsatsa kafin a kafa ba, tsatsa za ta ci gindinta ta tsage filasta.

Dandamali kuwa iri uku ne aka fi yi. Na siminti shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma yana aiki sosai idan an zuba shi da kyau. Tayil ne mafi rauni: kowace mahaɗa ƙofa ce ga ruwa da zarar rana ta tsage ta. Giranait guda ɗaya ba mahaɗa ya fi duka, ga mai hali.

Ko wanne ka zaɓa, ya gangaro waje da aƙalla santimita 1 a kowane santimita 10, ya zarce fuskar bango da santimita 4 zuwa 5, gefunansa biyu su kutsa cikin bango. A ƙasansa a tsaga siririn kwari, kamar santimita 1 daga baki. Wannan ɗan kwarin shi ake yawan mantawa, alhali shi ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya lallaɓo ya bi bango.

A bar tazarar milimita 5 zuwa 10 kewaye da firam, a cike da silikon, wato man liƙi da ake sayarwa a bututu. Ka sansana bututun: mai warin tsami ba ya riƙe siminti sosai, ka sayi marar tsami. Kafin ka sallami ma'aikata, a rufe tagar, wani ya watsa ruwa da tiyo daga waje na minti 10, kai kana ciki da busasshen tsumma kana shafa kusurwoyin ƙasa biyu.