Kunshin goge haƙoran kare: yana hana tsatsa taruwa, amma ba ya cire wadda ta riga ta daskare

Wannan kunshin da ake samu a shagunan kayan dabbobi na Kaduna abu uku ne a ciki: man goge baki na karnuka mai ɗanɗanon kaza, burushi mai dogon mariƙi da kai biyu, babba da ƙarami, sai burushin roba da ake zura yatsa a ciki. Bayan wata 3 ana amfani da shi kullum a kan karnukan gadi, hukuncina shi ne man da dogon burushin sun ci kuɗinsu. Na yatsan kuwa rakiya kawai ya yi.

Sai an san abin da ke faruwa a bakin kare kafin a gane amfaninsa. Babban kare yana da haƙora 42, 20 a sama, 22 a ƙasa. Kwikwiyo 28 gare shi, yana kuma gama famfara wajen wata 6 zuwa 7. Duk lokacin da kare ya ci abinci, wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, takan lulluɓe haƙorin, musamman ta bakin dasashi. Tana da laushi, burushi na kwashe ta. In aka bar ta 'yan kwanaki, sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da ita ta zama tsatsar nan mai ruwan ƙasa, mai tauri kamar siminti. Daga nan dasashi ya yi ja ya kumbura, ya fara ja da baya, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya soma zaizayewa. Ɗoyin bakin da mutane ke ɗauka halin kare ne, yawanci daga nan yake. Karnukanmu kuma da ragowar tuwo da shinkafa da taliya ake ciyar da su, duk abinci ne mai manne wa haƙori.

Man shi ne gwarzon kunshin. Ba ya kumfa, an yi shi ne don a haɗiye, tunda kare ba ya kurkure baki ya tofar. Akwai sinadaran inzayim a ciki masu rage ƙwayoyin cuta, ɗanɗanon kuma ya sa kare da kansa yake miƙo baki. Kamar ƙwayar wake ya isa goga ɗaya. A danna shi cikin gashin burushin da yatsa, don in aka ɗora a sama kawai, lasa ɗaya zai yi ya shanye kafin burushi ya taɓa haƙori. A ajiye shi a inuwa cikin ɗaki, kada a bar shi a kan taga ko a kejin kare lokacin zafin Maris da Afrilu, zafi na lalata inzayim ɗin, man ma ya tsinke.

A nan zan ja kunne da babbar murya: kada a sa wa kare makilin ɗin mutane. Akwai wani sinadari mai suna fuloraid a ciki, wanda haɗiye shi kullum illa ne. Wasu kuma suna ɗauke da wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda guba ne ga kare, yana faɗar da sukarin jini cikin ɗan lokaci, yana iya lalata hanta. Gishiri, kanwa da garin gawayi su ma a bar su, suna kankare dasashi, kare kuma haɗiyewa zai yi.

Dogon burushin an ɗan lanƙwasa wuyansa, kuma wannan lanƙwasar ce ke sa ya kai can kurya. Wurin da tsatsa ta fi taruwa shi ne babban haƙorin sama na gefe, wanda kare ke datse nama da shi, domin kusa da shi wata hanyar yawu take buɗewa. Ɗaga leɓen kare mai shekara 4 da ba a taɓa goge wa baki ba, za ka ga fiƙoƙin gaba da ɗan haskensu, amma wancan na baya ya yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Babban kan burushin ya dace da manyan karnuka irin su Alsashiyan, ƙaramin kan kuma na ƙananan karnuka ne da haƙoran gaba.

Ba a buɗe bakin kare da ƙarfi, kuskuren da ke jawo cizo ke nan. A durƙusa a gefensa, ba gaba da gaba ba, a ɗora hannu ɗaya a kan hancinsa a hankali, a ɗaga leɓen sama da babban yatsa, bakin yana rufe. A karkata burushin yadda gashinsa zai kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juya shi ƙanana-ƙanana ba tare da dannawa ba. Daƙiƙa 30 kowane gefe, ta waje kawai ya wadatar, don ta ciki harshe na rage dauɗar. Haƙoran gaba a bar su ƙarshe, nan ne kare ya fi jin tsikari. Kullum ake so. In ya gagara, kada a wuce kwana biyu, sau ɗaya a mako ɓata mai ne kurum.

Kare da bai saba ba, ba a yi masa gaggawa. Kwana 3 na farko ya lashi man a yatsa. Sai a naɗe yatsa da ƙyallen bandeji a shafa fiƙoƙi na 'yan kwanaki, sannan a kawo burushi. Mako 2 yawanci ya isa. A sa safar hannu ta roba, ko don tsabta ko don masu ƙyamar yawun kare. Abu ɗaya kuma babu sassauci a kansa, kada hannu ya shiga bakin kare da ba a yi wa allurar rigakafin haukan kare ba. Ana fara ta daga wata 3, ana sabuntawa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato ma tana haɗa ta.

Burushin yatsa bai gamsar da ni ba. Ƙusoshin robarsa gajeru ne masu kauri, ba sa shiga ƙarƙashin bakin dasashi inda cutar take farawa. Da yawu ya jiƙa shi sai ya riƙa sulɓewa, kuma babban kare na iya haɗiye shi. Ga yatsan mutum a tsakanin turamen da ke fasa ƙashi. Don koyar da kwikwiyo ya yi, iyakarsa ke nan.

Sakamakon da ake gani: cikin mako 2 zuwa 3 warin baki ya ragu sosai, jan da ke bakin dasashi ya koma ruwan hoda. Ɗan jini a burushi kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, alamar kumburin da ke akwai ce. In ya wuce kwana 10, ko jinin na fita ba tare da an taɓa ba, a garzaya wurin likitan dabbobi, domin cutar da kaska ke yaɗawa ma tana sa dasashi zubar jini, kaska kuwa da damina ba ta da iyaka a garin nan. Dasashin da ya yi fari fat kuma ƙarancin jini ne, ba aikin burushi ba.

Tsatsar da ta riga ta daskare ko gezau ba ta yi ba bayan wata 3, kuma ba za ta yi ba. Sai likita ya yi wa kare allurar barci ya kankare ta da na'ura har ƙarƙashin dasashi, ya goge saman haƙorin ya yi sumul. Masu ɓanɓare ta da wuƙa ko ƙusa suna karce haƙorin ne, sabuwar dauɗa ta samu wurin kamawa. Kare da ke tauna ta gefe ɗaya, ko haƙori na girgiza, ko ƙasan idonsa ya kumbura, wanda sau da yawa ƙurjin saiwar wancan babban haƙorin ne, wannan ya wuce kunshi. In aikin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ƙashi kuma, wanda ake cewa yana wanke haƙori, ƙashin ƙafar saniya daga mahauta shi ya fi tsaga wannan babban haƙorin, dafaffen ƙashi kuwa farfashewa yake da tsini ya soki hanji. Abin taunawar da farce ba zai iya lotsawa ba ya yi wa haƙori tauri.

Wanda ke da kwikwiyo, ko kare da likita ya gama wanke wa baki, ya saya yau. Kowane kare da burushinsa, a wanke shi bayan amfani a rufe shi daga ƙurar hunturu, a canza shi duk wata 3 ko da zarar gashin ya baje.