Wata uku ina riƙe lissafin ƙungiyarmu da NumPy a waya

Ni ke riƙe littafin ƙungiyar manoman yankinmu, nan kusa da Gumel. Ƙauyuka biyar ne ke kawo kaya ma'ajiyarmu: riɗi, zoɓo da gero. Duk daren Laraba sai shugaba ya kira ni: "Malam, buhun riɗi nawa gare mu? Gobe kasuwar Maigatari." Da can sai na haska tocila na yi ta buɗe shafi ina tarawa.

Da na fara koyon Python, wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni, a waya, jeri cikin jeri na soma gwadawa. Na rubuta [[0]*3]*5, wato layi biyar, kowanne da gida uku. Na zuba buhu 7 a layin ƙauyen farko, sai ga 7 ta fito a duka layukan. Kwana biyu abin na cina a rai. Ashe layi ɗaya tak aka ƙirƙira, shi ake nuna mini sau biyar.

Wannan ya kai ni ga NumPy (np a taƙaice), wata ƙarin manhajar Python ta lissafi da jerin lambobi, kuma wallahi ban yi nadama ba. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka a waya ba ta neman data. Da np.zeros((5, 12, 3)) na samu gida 180 a take: ƙauye biyar, mako goma sha biyu, amfanin gona uku, na sa wa jerin suna kaya. Ni kamar littafina nake ganinsa, kowane ƙauye da shafinsa, kowane mako da layinsa. In na rubuta kaya[2, 0, 1], zoɓon ƙauye na uku ke nan a makon farko, domin daga sifili ake fara ƙirge. Tambayar shugaba kuwa layi ɗaya ce yanzu: kaya[:, :, 0].sum(). Tun yana kan waya nake ba shi amsa.

Inda na fi daɗewa shi ne axis, wato ɓangaren jerin da za a tara: ƙauye 0, mako 1, amfani 2. Sai da na gane cewa ɓangaren da ka ambata shi ne zai narke. Ka tara da axis=1, makonni su haɗe, a bar maka ƙauye biyar da amfani uku. Wanda bai rubuta tsarin ɓangarorinsa a takarda ba zai tara abin da ba shi yake nufi ba, kuma babu gargaɗin da zai gani.

NumPy tana da sharuɗɗanta. Bayani iri ɗaya take ɗauka a jeri guda, don haka sunayen ƙauyuka daban na ajiye su. Girman jerin ma a ƙayyade yake. Da ƙauye na shida ya shigo ƙungiya, sai da na gina sabo na kwashe tsohon lissafi ciki. Ga wahalar laluben baka da waƙafi a ƙaramin allon waya.

Mai lissafin shago ɗaya, littafi ya ishe shi. Amma duk sakataren da ke bin ƙauye da mako da irin kaya lokaci guda, ina ba shi shawarar ya gwada ta kafin kakar riɗi ta shigo.