Sitaj Ko Rezidans: Abin Da Matashin Mai Fasaha A Yamai Zai Auna Kafin Ya Zaɓa

Matashin da ya fito daga makarantar aikin jarida ta ESSCOM (tsohuwar IFTIC) ko Jami'ar Abdou Moumouni, da wanda ya koyi ɗaukar hoto, zane, kiɗa ko tsara tufafi da ƙoƙarin kansa, sukan ji shawara iri biyu daga na gaba da su. Wasu su ce ya nemi sitaj, wato horon aiki a wata ma'aikata, wasu kuma su ce ya aika takardunsa neman rezidans, wato zaman ƙirƙira da wata cibiya ke ɗaukar nauyinsa. Ko da ba a karɓi dala ɗaya a hannunsa ba, kowanne daga cikinsu yana da farashi, domin watannin ƙuruciyarsa ne zai bayar. Ma'aunin da na fi yarda da shi tambaya ce guda: ranar da wa'adin ya cika, aikin da aka yi na wane ne?

A sitaj, aikin na maigida ne. Mai koyo yana shiga gidan talabijin kamar Télé Sahel, ko gidan rediyo mai zaman kansa, ko ɗakin shirya labarai irin na Studio Kalangou, ko kamfanin talla, ko shagon babban tela, ya bi tsarin da ya tarar, ya yi abin da aka sa shi a lokacin da aka sa shi. Abin da yake samu a madadin haka ba ƙarami ba ne, kuma aji ba ya bayar da shi: saurin hannu, da sanin cewa labarin ƙarfe takwas ba ya jiran kowa, da taɓa kyamara da na'urar haɗa sauti waɗanda aljihunsa ba zai iya saye ba. Akwai kuma darasin da matasa suka fi rainawa, alhali shi ne ke ciyar da mai sana'a, wato ganin yadda maigida ke yanka wa aiki farashi, yadda yake karɓar kafin alƙalami, da yadda yake lallashin mai aikin da ya sauya ra'ayi bayan an gama. A gari irin Yamai, inda galibin ayyukan fasaha ta hanyar sanayya ake samun su, mutanen da mai koyo zai sani cikin wata shida sukan fi takardar shaidar da za a ba shi amfani.

Illar sitaj ita ce sau da yawa ba a san ranar ƙarewarsa ba. Yaron shagon ɗinki ya san akwai ranar yaye, amma mai sitaj a wasu ma'aikatu sai ya shekara biyu yana aikin cikakken ma'aikaci, ana ce masa ya ƙara haƙuri, babu albashi, wani lokaci ko kuɗin kabu-kabu babu. Wani kuma ana ajiye shi ne a bakin ƙofa, daga dafa shayi sai aike, ba ya kusantar na'urar da ya zo dominta. Saboda haka, kafin a amsa, ya kamata a nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi ranar farawa da ranar gamawa, da sunan wanda zai riƙa duba aikin mai koyo, da abin da za a ba shi na sufuri. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 a wata tun farkon 2024, kuma ko da yake mai sitaj ba ma'aikaci ba ne, wannan adadi ma'auni ne mai kyau na abin da yake yafewa duk wata. Hukumar samar da aikin yi ta ANPE ma tana haɗa matasa masu takardu da kamfanoni domin horon farko, kuma sitaj ɗin da ya bi ta hannunta ya fi wanda aka ƙulla da baki tsari. Sai batun suna: idan hoton da mai koyo ya ɗauka ko waƙar da ya tsara za ta fita, a yi maganar sa sunansa tun da wuri, domin ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA ba zai iya taimakon wanda ba shi da shaidar cewa aikin nasa ne ba.

Rezidans kuwa an gina shi ne a kan akasin haka. Cibiyar da ta gayyaci mutum tana ba shi ɗakin kwana da wurin aiki, wani lokaci da kuɗin abinci da na kayan aiki, sannan ta ƙyale shi da aikinsa. Cité internationale des arts da ke Paris, wadda aka buɗe a 1965, tana da ɗakunan aiki sama da 300, kuma zama a cikinta yakan kama daga wata biyu zuwa shekara. Black Rock, wadda mai zane Kehinde Wiley ya kafa a Dakar a 2019, tana karɓar baƙinta na wata ɗaya zuwa uku. A Legas akwai gidauniyar G.A.S. ta Yinka Shonibare, wadda ta fara karɓar baƙi a 2022. Abin da duk suke bayarwa shi ne lokaci da natsuwa, kuma wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa fim a watan Afrilu a Yamai, ga zafi, ga ɗaukewar wuta, ga hidimar suna da biki, ya san darajar wannan.

Sai dai a nan ne matasa da yawa ke kuskuren lissafi. A mafi yawan irin waɗannan wurare babu malamin da zai tsaya a kan mutum, kuma babu wanda zai ce masa ga aikin yau. Wanda ya je ba tare da wani aiki da ya riga ya soma ba, littafi ne ko fim ko jerin hotuna, zai iya cinye wa'adinsa yana yawon buɗe ido, ya dawo da hotunan Facebook kawai. Masu tantancewa ma sun san da haka, shi ya sa dosiyen neman shiga ke buƙatar samfurin ayyukan baya, da taƙaitaccen tarihin mai nema, da bayanin aikin da zai yi da dalilin da ya sa sai a can zai yi shi, yawanci da Faransanci ko Ingilishi. Masu nema suna da yawa, gurabe kaɗan ne, kuma ƙin karɓa shi ne amsar da aka fi samu, har ga waɗanda suka yi suna.

Kuɗi ma suna ɓoye a cikin ƙananan rubutun sanarwa. Wata cibiya tana biyan tikitin jirgi da kuɗin kashewa, wata masauki kawai take bayarwa, wata kuma, kamar Cité ta Paris, ana biyan kuɗin ɗaki duk wata sai idan wata hukuma ce ta ɗauki nauyin baƙon. Wadda ke neman kuɗi masu yawa tun wajen ajiye dosiye, ba ta kuma nuna sunayen waɗanda suka zauna a cikinta a baya, a yi hattara da ita. Ga ɗan Nijar akwai ƙarin nauyin biza. Kuɗin bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai sun kai yuro 90 tun watan Yunin 2024, kusan jika 59 ke nan, kuma ba a mayar da su idan an hana. Tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, tafiya can ta ƙara wuya da tsada, har gayyata na iya zuwa ta wuce mutum bai samu izinin shiga ba.

Wannan ya sa nake ganin mai farawa ya fara duban maƙwabta. A Wagadugu akwai Récréâtrales, wanda Étienne Minoungou ya assasa a 2002, inda marubuta da ƴan wasan kwaikwayo ke zaman shirya ayyukansu kafin a nuna su a tsakar gidajen mutanen unguwa, akwai kuma Ouaga Film Lab ga masu shirya fim. Masu rawa suna da École des Sables ta Germaine Acogny a Toubab Dialaw ta ƙasar Senegal. Irin waɗannan wurare sun fi dacewa da matashi saboda wani dalili na daban: suna haɗa zaman ƙirƙira da jagorancin ƙwararru, don haka ba a barin mutum shi kaɗai da farar takarda. Wagadugu kuma tafiyar mota ce, ba ta buƙatar biza, ko da yake dole a bincika halin tsaron hanya kafin a tashi. Asusun Art Moves Africa an kafa shi ne domin tallafa wa tafiye-tafiyen masu fasaha a cikin nahiyar, kuma ya cancanci a riƙa bibiyar sanarwarsa.

Tarihin fim ɗin ƙasarmu ya nuna wanne ya kamata ya zo da fari. Moustapha Alassane, wanda sunansa ke kan tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar (CCFN) tun 2024, makanike ne da farko. Ya koyi sarrafa kyamara a Yamai a kusa da mai shirya fim Bafaranshe Jean Rouch, a cibiyar binciken da a yau ake kira IRSH, kuma sai da hannunsa ya faɗa sannan ya tafi Kanada, inda ya ƙware a fim ɗin zane a wajen Norman McLaren. Da ya isa can yana da abin da yake so ya faɗa, yana kuma da hannun faɗarsa, shi ya sa zaman ya haifar da aiki, ya dawo ya ci gaba da yi har a Tawa, inda ya zauna shekaru da dama.

Ba kowace sana'a ce ke bin wannan jeri daidai ba. Mai fim, da mai haɗa sauti, da mai tsara tufafin da ke burin ganin kayansa a dandalin FIMA, bikin nunin tufafi na Alphadi, duk aikinsu na taron mutane ne da na'urori, saboda haka tsallake sitaj a wajensu asara ce. Marubuci da mai zane da mawaƙin baka kuwa ba su da wata ma'aikatar da za ta koya musu muryarsu, kuma idan suna da rubutun da ya kai rabi, zaman wata guda a keɓe zai iya fi musu shekara a ofis. Halin gida ma yana shiga lissafi. Wanda ake jiran kuɗin cefane daga hannunsa ba zai iya sitaj marar biya na wata shida ba, amma zai iya rezidans na mako uku da aka ɗauki nauyinsa. Matashiyar da iyayenta ba za su amince da kwana a wata ƙasa ba sai sun ga takardar gayyata da adireshin masauki, gara ta nemi waɗannan tun farko ta kai gaban Baba da Inna da kanta. Ɗan Tawa kuma, wanda tafiyar sama da kilomita 500 ta raba shi da Yamai, sai ya haɗa da kuɗin haya da abinci kafin ya ce sitaj a babban birni ya fi na rediyon garinsu, inda ma'aikata kaɗan ne kuma mai koyo ya fi saurin kai wa ga makirfo.

Ga wanda ya zaɓi sitaj, watannin nan su ne lokacin haɗa dosiyen gaba. Ya nemi izinin maigida a rubuce na nuna samfurin ayyukan da ya sa hannu a ciki, ya ware wa aikin kansa ranar Asabar ko Lahadi, ya kuma yi fasfo tun bai buƙace shi ba, domin cibiyoyi kan rufe karɓar takardu watanni da dama kafin ranar zaman, kuma wasiƙar shaida daga wanda ya ga aikin mutum da idonsa tana cikin abubuwan da sukan nema.