Gargaɗi ga jama'ar Kumasi kan mai sayar da allurar gwiwa

Sidi 14,000 wani mutum ya karɓa a hannuna da sunan allurar Jamus da za ta warkar da gwiwar mahaifiyata ba tare da tiyata ba.

Hajiya ta daɗe tana fama da amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, har aka sa mata gwiwar ƙarfe. Da gwiwar ta kumbura, aka zuƙi ruwan ciki aka gwada, aka sami fangas ɗin da ake kira Kandida. Likita ya bayyana mana cewa magungunan amosanin da take sha suna rage garkuwar jiki, kuma ƙwayar tana manne wa ƙarfe ta lulluɓe kanta da yauƙin da magani ba ya ratsawa sosai, don haka sai an cire gwiwar, an sa simintin ƙashi na wucin gadi, ta sha maganin fangas fulukonazol na watanni, sannan a dasa sabuwa. Wane ɗa ne zai ji haka bai nemi wata hanya ba?

Ni ɗan kasuwa ne a Kejetia, ba a cika yi mini wayo ba. Amma wannan mutum ya zauna a kan tabarmar gidanmu a Aboabo, ya dafa gwiwar, ya kira sunan Kandida, ya ce, "Alhaji, Hajiya uwata ce ni ma, Allah Ya kiyaye in ci kuɗin jinyarta." Da bakinsa ya ce uwata. A ranar na ba shi 8,000 hannu da hannu, wai kuɗin fito da kaya daga filin jirgin Accra. Sidi 6,000 kuwa tun kafin nan na tura ta MoMo, wato ta waya, a daren da ya nemi hoton takardar gwajin a WhatsApp. Ashe a can ya ga sunan cutar. Sidi 14,000 cif!

Da aka yi mata allurar, zafin ya lafa, muka yi hamdala, sai kumburin ya dawo har gwiwar tana tsattsafo da ruwa. Likita yana zargin sitiroyid ne a kwalbar, wanda ke ɓoye zafi yana ƙara wa fangas ƙarfi. Babu lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin kwalbar, wayar mutumin kuma a kashe take.

Hotunan hirarmu da shaidar MoMo suna nan, zan sa su da zarar na gama da 'yan sanda. Duk wanda ya ce muku allura za ta wanke gwiwar ƙarfe, kada ku ba shi ko fesuwa ɗaya. Ku kai kwalbar wurin likitan ƙashi tukuna.